Motar daji mai lantarki ko mai dizal: wacce za a dogara da ita?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya tambaya: wanda ke neman mota mai ja da ƙafa huɗu don hanyar da babu kwalta, shin mai lantarki ta kai a dogara da ita, ko ya tsaya a kan mai dizal? Malam, a ƙarƙashin taya mai lantarki ta yi gaba. Inda take raki shi ne nauyi da guzurin wuta.

Mu fara da hawan dutse. Injin dizal ba ya ba da cikakken ƙarfin murɗa taya sai ya ɗauki wuta, shi ya sa ake ƙara masa ƙaramin giyabos na biyu mai giyar ƙarfi. A Jeep Wrangler Rubicon wannan giyar tana rage gudu ninki 4, ta ninka ƙarfi haka nan. Injin lantarki kuwa yana ba da ƙarfinsa tun daga tsaye. Babu kuloci da zai ƙone, babu injin da zai mutu maka a tsakiyar hawa, tana rarrafawa kamar hawainiya kana jin ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. A kan tsauni ma ba ta rasa ƙarfi don ƙarancin iska.

Sai dai akwai wani abu da masu talla ba su cika faɗa ba. Rivian R1T mai inji huɗu da Mercedes G 580 ta 2024 suna da inji guda ga kowace taya, kwamfuta ce ke raba musu aiki. A taɓo da santsi wannan abin so ne, domin tana rage wa tayar da ta fara sulɓi ƙarfi kafin ƙiftawar ido. Amma a ce tayoyi biyu sun tashi sama a bakin kwazazzabo. Mai dizal da aka kulle mata difaranshal (giyar da ke raba ƙarfin inji tsakanin tayoyi) na gaba da na tsakiya da na baya tana iya tura kusan duk ƙarfin inji zuwa tayar da ke da riƙo. Mai inji huɗu ba ta da wannan damar: kowace taya abin da injinta ke da shi kawai take samu, injinan da tayoyinsu ke lilo a iska kuwa ba su taimaka da komai. Injin da ke aiki shi kaɗai yakan yi zafi, kwamfuta ta rage masa wuta. Saboda haka ne Mercedes ta saka wa kowane inji giyar ƙarfi tasa.

A ruwa, mai dizal tana shaƙar iska, kuma ruwa kofi ɗaya a cikin silinda ya isa ya lanƙwasa kwanrod, wato sandar da ke riƙe da fistin. Mai lantarki ba ta shaƙa. G 580 tana ratsa ruwa mai zurfin milimita 850, 'yar'uwarta mai amfani da mai kuwa 700. Sharaɗin shi ne akwatin batir bai fashe ba. Yana shimfiɗe ne a ƙasan mota, abin da ke hana ta saurin kifewa a gangare, amma nan ne dutse ke duka. Bayan kowace fita mai wuya a leƙa ƙasa a duba farantin kariya da wayoyi masu launin ruwan lemo. Idan an ga lotsewa, kada a shiga ruwa, kada kuma a taɓa wayoyin, wutar lantarki mai ɗaruruwan bolt ce a cikinsu.

Yashi shi ne babban alƙali. G 580 ta haura tan 3, GMC Hummer EV ta haura tan 4, batirinta kaɗai ya kai nauyin ƙaramar mota. Ko an sace iskar taya zuwa psi 15 ko 18, nauyin yana nan, kuma ƙarfin nan na nan take yana iya haƙa maka rami idan ƙafarka ta yi nauyi. In ta nutse, igiyar ja da ƙugiyoyin da aka auna don motar tan 2 ba za su wadatar ba.

Ga lissafin guzuri. Litar dizal tana ɗauke da makamashin da ya kai yunit 10 na lantarki. Jarka mai lita 20 ke nan kusan yunit 200, wanda wajen kashi ɗaya cikin uku ne ke isa taya, amma mutum ɗaya zai ɗaga ta. Batirin da zai yi aikin jarkar nan ya kai kilo 400. Farantin sola mai wat 200 kuwa abin da zai tara a wuni bai wuce yunit guda ba, tafiyar 'yan kilomita kaɗan. Gaskiya ne a gangara mai lantarki tana mayar da wuta cikin batir ta huta wa burki, amma in batirin a cike yake wannan riƙon yana raguwa, sai a koma ga burki.

Abin da ya faru a gasar tseren motoci ta Dakar ta 2024 ya nuna inda aka dosa. Carlos Sainz ya lashe ta da Audi RS Q e-tron: injinan lantarki ne ke juya tayoyi, amma akwai injin mai a ciki yana aikin janareta.

Shawararmu: in tafiyarka zuwa ce da dawowa wurin caji a rana guda, kamar gona ko wurin haƙar ma'adanai, ɗauki mai lantarki, ka lissafa rabin nisan da kamfani ya rubuta caji ɗaya zai kai in akwai yashi ko tirela. In kwanaki za ka yi nesa da wuta, mai dizal ko mai haɗin mai da lantarki. Kuma ka tanadi yadda za a ɗauko ta in ta lalace, domin yawancin masu lantarki ba a jan su mai nisa tayoyi na ƙasa, sai an ɗora su a bayan babbar mota.