A Ingila, wanda ya kawo abin kallo ma sai ya biya kuɗin ƙofa

Maƙwabcina a nan gabashin Ingila dattijo ne, tsohon manomi, ya ba shekara saba'in baya da nisa. Gonar ya sayar tuntuni, amma ya riƙe abu ɗaya: wata 'yar tarakta mai ruwan toka, Ferguson TE20, wadda mahaifinsa ya saya sabuwa dal. Tana cikin rumfa a bayan gidansa, a lulluɓe da tsohon bargo. Duk shekara idan zafi ya shigo yakan ɗora ta a tirela ya kai ta baje kolin tsofaffin injinan noma, irin wanda kusan kowace gunduma take yi a ƙarshen mako. Bana gwiwa ta matsa masa, doguwar tafiya ta gagara, shi ne ya roƙe ni in ja masa tirelar tunda tuƙi ne sana'ata. Na ce Baba, ai wannan ba abin roƙo ba ne.

Mun isa da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, layin motoci masu tirela ya miƙe daga ƙofar fili har bakin titi. Da layi ya zo kanmu, wata yarinya mai rigar aiki ruwan ɗorawa ta duba sunansa a waya, ta ce takardar inshorarsa ta iso amma kuɗin rajista bai shigo ba. Ya ce wane kuɗi? Ta ce ai bana tsari ya canza, duk mai kawo tarakta zai biya fam 15 a kan kowace guda, kuma mutum ɗaya rajistar take shigarwa, don haka ni da na tuƙo shi sai na yanki tikiti irin na 'yan kallo. An rubuta a fom ɗin intanet, in ji ta. Shi kuwa ta gidan waya ya aika nasa, yadda ya saba. Aka ce mu ja gefe kada mu tare hanya.

Muka ja gefe. Ya sauko da ƙyar, ya dafa ƙofar mota, yana lalubar katin banki a cikin jaka hannunsa na rawa, motoci suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya, masu su suna ɗaga masa hannu don duk sun san shi. Tun kafin a haifi yarinyar nan yake kawo tarakta wannan fili. Abin da ya ce kawai shi ne, "Saboda wannan mutane suke zuwa. Ni na kawo ta, kuma ni zan biya a kalle ta." Na ce Baba mu juya gida. Ya ce a'a, abokansa suna ciki, wasu sai shekara-shekara yake ganinsu, kuma bai san ko baɗi za su cika ba. Ya biya nasa, ya so ya biya nawa na hana.

Yarinyar ba ta da laifi, 'yar sa-kai ce aka ba ta umarni. Amma wallahi abin ya tsaya min a rai, kuma har yau bai sauka ba. Fam 15 ba zai talauta shi ba. Ku dai lissafa abin da ya riga ya kashe kafin ya iso ƙofar. Man mota zuwa da dawowa da tirela a baya. Kuɗin ƙungiya na shekara. Inshorar da za ta biya diyya idan taraktar ta ji wa wani ciwo, wadda ba a barin kowa shiga fili sai da ita. Da yawan masu taraktocin ta hanyar ƙungiyoyi irin su National Vintage Tractor and Engine Club suke samun ta. Ga taya, ga batir, ga fenti. Ga kwana a fili, domin doka ce ba ka fita da tarakta sai an tashi ranar Lahadi da yamma. Duk wannan daga fanshonsa. Abin da ake ba shi a da shi ne ɗan allon tagulla mai sunan taron da shekarar, ya kai gida ya kafa a bangon rumfa, kuma wurare da yawa shi ma sun daina bayarwa. A gidan dambe a Kano ko Sakkwato, mai gida ne yake ɗauko ɗan wasa, ya sauke shi, ya ciyar da shi, ya sallame shi, 'yan kallo su biya kuɗin ƙofa. Nan kuwa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A wannan fanni dai mun fi su sanin darajar wanda ya tara jama'a.

Da muka shiga na taya shi sauke ta. Sai da ya shimfiɗa faranti a ƙarƙashin injin don kada ɗigon baƙin mai ya taɓa ciyawa, ya ajiye tukunyar kashe gobara a gefe, ya kafa allo mai shekarar ƙira da lambar inji, sannan ya ɗauko tsumma ya bi ta lungu-lungu. Irin tasa da fetur ake tayar da ita, idan ta yi zafi a juya ta zuwa wani mai dangin kananzir. An daina sayar da man, shi yake haɗa nasa. Ya murza ta, bugu ɗaya ta tashi, salansa ba hayaƙi. Yara suka taru. Ya buɗe musu wani tsohon kundi, ga hoton mahaifinsa a kanta yana huɗa, ga rasit ɗin da aka saye ta da shi. Duk ɓacin ran ƙofa ya bar fuskarsa, ni ne dai nawa bai tafi ba.

Irin wannan tarakta an ƙera sama da rabin miliyan a masana'antar Banner Lane da ke Coventry tsakanin 1946 da 1956. Harry Ferguson, mutumin Ireland ta Arewa, shi ya fito da dabarar hannuwa uku na baya da ake rataya garma a ɗaga a sauke, dabarar da kusan duk tantan ɗin da kuka sani take aiki da ita har gobe. Da irinta Edmund Hillary, shahararren mai hawan tsaunuka, ya keta ƙanƙara ya isa ƙuryar kudancin duniya a watan Janairun 1958. Masana'antar ta daina ƙera tarakta a ƙarshen 2002, yanzu gidaje ne a wurin. Ashe ke nan tarihin ya koma hannun tsofaffi irin maƙwabcina, a rumfunansu, da kuɗin aljihunsu.

Da rana na je tantin masu shirya taron na faɗi abin da ke raina. Wata dattijuwa ce a kan tebur, ita ma sa-kai take yi, kuma ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba. Sannan ta jawo takarda ta nuna min. Hayar fili, hayar bandakuna, masu ba da agajin gaggawa, masu gadin dare, shinge, kwashe shara, inshorar taron kanta, duk sun tashi bayan korona. Idan ruwa ya sauko kwana biyu, 'yan kallo ba sa zuwa, bashi kuwa yana nan. Ta ƙara da wata matsala da ban taɓa kawowa a rai ba: wasu sukan yi rajistar wani ruɓaɓɓen inji don kawai su samu shiga da kwana kyauta da iyalinsu, wasu kuma su kama wuri su ƙi zuwa, a bar fili da giɓi. Gaskiya ba ƙarya take yi ba. Babban taron Great Dorset Steam Fair, wanda aka fara a 1969, wanda yake tara dubun dubatar mutane a fili mai ɗaruruwan eka, bai yiwu ba a 2023, kuma tsadar shiri masu shi suka ambata. Shekarar da ta biyo ma bai dawo ba. Idan wannan ya durƙusa, ina ga ƙaramin taron ƙauye?

Duk da haka ban yarda ba, kuma na gaya mata. Mai sayar da nama da dankali a filin, da mai sayar da kayan gyara, da kamfanin da ya kawo sababbin taraktoci yana neman ciniki, waɗannan riba suka zo nema, a caje su kuɗin rumfa yadda ake yi a kasuwar baje koli ta Kaduna. Ɗan kallo ya biya tikiti, a ƙara masa fam ɗaya ko biyu ba zai fasa zuwa ba. Idan masu kama wuri su ƙi zuwa ne damuwar, a karɓi kuɗin ajiya, duk wanda ya zo da tarakta a mayar masa a ƙofa. Amma a ce tsohon da ya yi hunturu guda yana kwance a ƙarƙashin inji shi za a tatsa, wannan saran reshen da ake zaune a kai ne. Yawancin masu kawo taraktocin nan furfura ce, matasa 'yan kaɗan ne. Duk wanda ya yi fushi ya zauna a gida, babu mai maye gurbinsa. Ta ce za a tattauna a taron ƙungiya na ƙarshen shekara, kuma duk mamba yana da ƙuri'a.

To, a nan ne kuma dole in faɗi abin da ya burge ni, ko da raina a ɓace yake. An ba mu rasit. Kuɗin da aka karɓa a ƙofa shi ne wanda aka rubuta a allo, babu wani a gefe yana cewa kawo rabi in shigar da kai ta baya. Matar nan ta buɗe min lissafi ni baƙo, ba ta ce wane ne kai ba. Bandaki da ruwa da sabulu har yamma. Da wani yaro ya faɗi ya fasa goshi, kafin uwarsa ta gama salati masu agaji sun iso. Mu fa? Sau nawa aka karɓi kuɗin ƙofa a wurin taro a gida aka san inda ya shiga? Ka tambaya a ce ka cika bin diddigi. A nan ana zaluntar tsoho da fam 15 amma yana da wurin da zai je ya ɗaga hannu ya ce bai yarda ba, kuma a ƙirga hannun.

Abin da ya fi karya min zuciya yana layi na uku: jajayen Massey Ferguson 135 a jere, an goge su suna ƙyalli, an kewaye da igiya kada a taɓa. Irin wadda Kawuna ya yi shekaru yana tuƙawa a Kadawa ke nan. Da aka tayar da ɗaya, ƙarar injin da warin gas suka mayar da ni farkon damina, ina zaune a kan fuka-fukin taya, Kawu ya naɗe fuska da rawani saboda ƙura, manoma sun yi layi a bakin gona kowa yana roƙon a fara da tasa. An daina ƙera wannan samfuri tun cikin shekarun 1970. A nan ta zama kayan tarihi, a wurinmu har yanzu wanda yake da mai rai babban mutum ne, kuma mutum yakan rasa shukar fari yana jiran layi ya zo kansa.

Kuma kada wani ya ce min makanikanmu ne ba su iya ba. Na ga abin da suke yi da guduma da waya da ƙusa, ba littafi ba na'ura, Baturen nan da zai gani sai ya cire musu hula. Bambancin shi ne kayan gyara da riƙon abu. Maƙwabcina yana zaune a kujera zai latsa waya ya sayi gasket ko ringi na tarakta mai shekara saba'in, gobe ko jibi a ƙwanƙwasa masa ƙofa, kuma ya hau daidai. Mu sai an zaga Ƙofar Ruwa ko Panteka, a dawo da na jabu ya yi wata biyu ya mutu. Muna da Steyr a Bauchi da NTM a Kano da aka kafa don haɗa manyan motoci da taraktoci a ƙasarmu. Wa yake jin labarin sabuwar tarakta daga can yanzu? Gwamnati ta sayo sababbi, a jera su a fili, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Bayan damina biyu ka leƙa bayan sakatariya ka gan su tayoyi a sace, ciyawa ta fito ta cikin sitiyari, saboda famfon mai ɗaya da ba a sa kuɗinsa a kasafi ba. Ƙarshe 'yan gwangwan su auna a kilo. Babu mai rubuta ranar da aka yi juyen mai, babu mai ajiye littafin da ya zo da ita, balle rasit.

Masu aiko min saƙo in sayo musu tarakta ta hannu, ku sani ba araha take ba kamar yadda kuke zato. A gwanjon Cheffins da ke kusa da Ely ana haɗuwa da masu tara kayan tarihi da dillalan da suke lodawa zuwa ƙasashen waje, Afirka a ciki, kowa yana ɗaga hannu. Cheffins ɗin ne a 2019 suka sayar da wata tarakta Ivel ta 1903 a kan sama da fam dubu 300. Jan Massey mai lafiya ba ta kai can ba, amma ba ta kwantai.

Tantan ɗin Kawu tana nan a ƙofar gida tun rasuwarsa, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Na sa ƙanena ya kankare datti ya ɗauko min hoton lambar injin, na nuna wa wani mai kayan gyara a nan, ya ce duk abin da take buƙata akwai: fistin, ringi, kulochi, famfon ruwa. Na haɗa lissafi, kayan ba su fi ƙarfina ba. Kuɗin dako da na kwastan ne suka kusa ninka su, shi ya sa nake neman wanda zai loda kwantena zuwa Legas kafin damina ya ba ni ɗan gefe.