Bitar dubu 15 a kan Tafawa Ɓalewa: rabinta ta ci kuɗinta

Asabar ɗin da ta wuce na bar yara a shago na je wata bita ta wuni ɗaya da wani kamfanin horar da 'yan kasuwa ya shirya a zauren wani otal a nan Bauchi. Abin da aka tallata shi ne darussan shugabanci daga rayuwar Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kuɗin shiga naira dubu 15, har da abincin rana da motar zuwa kabarinsa. Mutum uku sun riga sun tambaye ni ko ta ci kuɗinta, kuma an ce za a sake yi bayan Sallah, shi ya sa na ce gara in rubuta sau ɗaya in huta.

Kayan gini nake sayarwa, siminti da rodi da kwano, kusa da Kasuwar Muda Lawal. Amma shagon na yayana ne, shi kuwa yana Kaduna. Ni ke buɗewa, ni ke rufewa, ni ke shan baƙar maganar masu bashi, amma ko tirela ɗaya za a sauke sai na buga masa waya.

An ce ƙarfe tara, ba a fara ba sai sha ɗaya saura, wai janareto. Majigin ma sai da aka tokare shi da kwalin ruwa. Har na fara lissafin buhun siminti nawa na yi asara, sai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya miƙe ya ce, "Wa ke da naira biyar a aljihu?" Mu kusan arba'in muka hau lalube. Babu. Ya cire hularsa, ya zaro wata tsohuwa da ya ninke a ciki, ya ce a zagaya da ita kowa ya kalli fuskar da ke jiki. Da ta iso hannuna ta yi laushi kamar tsumma. Ya ce, "Ga mutumin da za mu yi magana a kansa. Kuɗin da ke ɗauke da hotonsa ko ruwan leda ba ya saye yau."

Awa biyu ya yi ba takarda a hannunsa. Haihuwa a 1912, Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, koyarwa a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta, karatu a Landan a 1945: duk wannan ya bi ta kai da sauri, don ba Babaushen da bai taɓa ji ba. Inda ya zauna shi ne 1950, lokacin da Malam Abubakar ya tashi a majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a sake duba tsarin mulkin En'e. A wancan zamani wannan taɓa rawanin sarakuna ne, kuma shi kansa a ƙarƙashin En'e yake cin abinci. Dattijon ya ce abin lura shi ne yadda ya faɗi magana mai ɗaci ba tare da ya ci mutuncin kowa ba, har aka rasa ta inda za a kama shi. Duk wanda ya taɓa son gaya wa maigidansa cewa farashin da ya sa ba zai yiwu ba ya san wuyar wannan.

Sai batun zuwa a gani da ido. Yana ministan sufuri ya je Amurka a 1955 ya ga yadda ake jigilar kaya a kogin Misisipi, da tunanin Neja da Binuwai. A zamanin firaministansa ne jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964. Nan wani mai sayar da hatsi ya ce da layin na aiki da bai tsufa a hannun direbobin tirela ba, aka yi dariya mai ciwo. Haka kuma da ya zama firaminista a 1957 ya jawo 'yan Action Group, abokan hamayya, cikin gwamnati, har Akintola, ɗaya daga cikin jagororinsu, ya samu minista, don a tunkari Turawa da baki ɗaya. Mu 'yan layinmu ko haɗa kuɗin mota ɗaya daga kamfani mun kasa.

Bayan nan bita ta faɗi ƙasa. Wani matashi cikin kwat ya haska mana shika-shikan shugabanci guda bakwai da Turanci, yana karantawa yana fassarawa. Gaskiya, riƙon amana, hangen nesa, da sauransu. Da za a goge sunan Ɓalewa a sa na kowa, ba abin da zai canza. A ƙarshe kuma aka ce takardar shaida sai an ƙara dubu 3, wanda ba a faɗa ba tun farko. Ban karɓa ba. Bangon shagona kalanda ta ishe shi.

Da aka ba da damar tambaya na ce, to 1965 fa? An yi zaɓen Jihar Yamma a watan Oktoba, aka hau ƙone-ƙone wata da watanni. A 1962 Ɓalewa ya kafa dokar ta-ɓaci a can, wannan karon bai kafa ba. A Janairun 1966 yana karɓar baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas kan rikicin Rodeshiya, kwana kaɗan bayan haka, ranar 15 ga wata, soja suka ɗauke shi daga gida. Haƙuri ne wannan ko jinkiri? Matashin ya ce ba siyasa muka zo yi ba. Wallahi na ji haushi. An karɓi kuɗina don a koya min daga rayuwar mutum, amma an yanke shafin da ya fi tsada.

Wajen cin abinci, masa da miyar taushe, kuma masar ba laifi ko da a ma'aunin Bauchi, dattijon ya jawo kujera kusa da ni. Ya ce, "Ɗana, tambayarka tana kan hanya. Ka tuna shi ne shugaban gwamnati, amma a jam'iyyar NPC mataimaki ne, Sardauna ne shugaba, kuma Akintola, firimiyan Yamma a lokacin, ya riga ya zama abokin ƙawancensu. Mai zaman shago daban, mai shago daban." Na ce, "Baba, ai ni ne mai zaman shagon." Ya dube ni ya ce, "To me kake ɓoye wa mai shi?"

Wata huɗu ke nan lissafin siminti ba ya cika, buhu biyu yau, uku jibi, kuma na san ta hannun wa yake bi. Ɗan aminin Yaya ne, shi ya kawo shi. Kullum sai in ce haƙuri, in cike gurbin daga aljihuna.

Da la'asar aka kai mu kabarin. Na sha wucewa ta bakin wurin a kan babur, ban taɓa shiga ba, abin kunya. Ana bi ta wani dogon lungu mai duhu, kana laluben bango, sai haske ya fara ratsowa kaɗan-kaɗan, har ka fito fili. Sama a buɗe, ba rufi, ga kabari nan ba wani ado. Muka yi addu'a. Ba wanda ya ce uffan, har mai kwat.

Wanda zai je, ya tambaya tukuna ko dattijon nan zai zo. In zai zo, a biya, a zauna gaba, a riƙe tambaya. In ba zai zo ba, kuɗin acaɓa zuwa kabarin ya wadatar.

Daren nan na kira Kaduna. Na yi gaisuwa ta kai minti biyar kafin na ce, "Yaya, akwai maganar siminti." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun kafin azumi. Ya ce ranar Laraba yana hanya, in ajiye masa littafin.