Faifan Let It Bleed: na biya kuɗin wata waƙa, aka kawo mini 'yar'uwarta

Wata uku na yi ina jiran wannan faifan garmaho na ƙungiyar mawaƙan Rolling Stones kafin ya iso hannuna, kuma abu ɗaya ne ya sa na amince da farashin da aka yanka mini, wato ina son in ji Honky Tonk Women daga bakin allura, tare da ƙararrawar nan da furodusansu Jimmy Miller ya kaɗa a farkonta. Na tambayi mai sayarwa a rubuce ko waƙar tana ciki, ya tabbatar mini cewa ita ce ta uku a fuskar farko.

A daren da na ɗora faifan, waƙa ta biyu tana ƙarewa sai na ji hon ɗin mota. Na tashi na leƙa ƙofar gida ina zaton baƙo ne, ban ga kowa ba, na dawo na mayar da allura baya, hon ya sake tashi a daidai wurin. Bayansa babu ƙararrawa, babu jitar lantarki mai kaushi, sai goge da jitar katako, da muryar Mick Jagger yana jan baiti kamar kaboyin da ya wuni a bayan shanu. Ko garin da ake ambata a baitin farko ma an sauya shi, Jackson na ji maimakon Memphis. Sai a lokacin na duba bayan kwalin da kyau, na ga an rubuta Country Honk. Raina ya ɓaci matuƙa, domin Honky Tonk Women a ƙaramin faifai ta fito ita kaɗai a watan Yulin 1969, ba a sa ta cikin Let It Bleed da ya fito ƙarshen shekarar ba, kuma duk wanda ke sana'ar sayar da faifai ya kamata ya san haka.

Kwana biyu ban taɓa na'urar ba. Da na huce na sake saurara, sai abin ya fara shiga raina, wataƙila saboda na tashi ina jin Don Williams a rediyon mahaifina, kiɗan kantiri ba baƙo ba ne a kunnena. Ashe wannan sigar ce ta fi kusa da asalin waƙar, domin Jagger da Keith Richards, mai jitar ƙungiyar, sun tsara ta ne a wata gona a Birazil lokacin hutun da suka yi tsakanin ƙarshen 1968 da farkon 1969, kuma Richards ya sha faɗin cewa salon tsofaffin mawaƙan kantiri Hank Williams da Jimmie Rodgers ne a ransa. Gogen kuwa Byron Berline ne ya goga shi, mawaƙi Gram Parsons ne ya ba da shawarar a kira shi, kuma a bakin titi aka ɗauki sautinsa, a wajen ɗakin naɗar sauti a Los Anjalis, shi ya sa hon ɗin da ya tayar da ni daga kujera ya zauna daram a cikin waƙar. Mick Taylor, wanda bai daɗe da maye gurbin Brian Jones a ƙungiyar ba, shi ma yana ciki da jitarsa.

Honky Tonk Women ce ta yi suna, ta hau matsayi na ɗaya a Ingila da Amurka, sun kaɗa ta a taron Hyde Park na Landan ranar 5 ga Yuli, 1969, kuma tun daga nan da wuya su hau dandamali ba su yi ta ba. Country Honk kuwa kusan a faifai kawai take rayuwa, wanda hakan ya sa na fara ganin ban yi asara ba.

Sai dai da na juya fuska ta biyu, takaicin ya dawo sabo. Faifan da aka ce mini kamar sabo yake, akwai karce a kansa wanda ke sa allura tsalle har sau biyu a tsakiyar Midnight Rambler, kwalin kuma ya sha danshi har yana warin rima. Na aika wa mai sayarwa hotuna tun makon jiya, ya karanta saƙon, har yau bai ce uffan ba.