Fentin akrilik da na inamel a kan ƙananan samfurori: abin da na gani a yanayin Maradi

Duk wanda ke harhaɗa ƙananan samfurorin motoci da jiragen sama na roba ya san cewa mafi yawan shawarwarin da ake bayarwa game da fenti sun fito ne daga mutanen da ke aiki a ɗakuna masu sanyi a Turai ko Japan. A Maradi kuwa, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, kuma ƙurar hunturu ke kutsawa ta kowace kafa daga Disamba zuwa Fabrairu, fenti yana nuna wani hali dabam. Na yi aiki da akrilik na Tamiya da na Vallejo, da kuma inamel na Humbrol, a kan jirgin Spitfire na Airfix mai ma'aunin 1/72 (wato an ƙanƙanta shi sau 72) da motar Land Cruiser ta Tamiya mai ma'aunin 1/24, kuma a kansu na gina wannan sharhi.

Bambancin yana farawa ne daga yadda kowanne ke bushewa. Akrilik ɗan'uwan abin da masu fentin gidaje ke kira fentin ruwa ne: da zarar ruwa ko barasar da ke cikinsa ta tashi, sai ƙwayoyinsa su manne da juna, kuma cikin 'yan mintuna ana iya taɓa shi. Inamel fentin mai ne, wanda bayan tina, wato sinadarin da ake tsinka shi da shi, ta tashi daga jikinsa sai ya ci gaba da taurara ta hanyar haɗuwa da iska, shi ya sa ake jiran kimanin awa 6 kafin a sake shafawa, a kuma ba shi kwana guda kafin a riƙe shi da hannu.

A takarda, saurin bushewa alheri ne. A bazarar Maradi kuwa shi ne babban aibin akrilik, musamman ga mai aiki da burushi. Idan na ɗiga fentin Vallejo a faranti da rana tsaka, kafin in gama gefe ɗaya na fiffiken jirgin sai in tarar ɗigon ya yi fata, gashin burushin ya ƙage, sawunsa kuma ya fito a jikin fiffiken layi-layi. Na Tamiya ya fi wahala ta wannan fuska, domin akwai barasa a cikinsa, kuma idan burushi ya koma kan wurin da ya fara shan iska, yakan ɗago abin da aka shafa da fari ya bar gurbi. An yi shi ne domin bindigar feshi, kuma a nan ɗin yana da kyau ƙwarai idan aka tsinka shi da X-20A, wato sinadarin tsinkawa na Tamiya, sai dai a tsananin zafi yakan bushe tun yana cikin iska, ya sauka a jikin mota da kaushi kamar garin tuwo. Kamfanonin biyu suna sayar da sinadarin jinkirta bushewa, kuma a ganina a nan wajibi ne a same shi. Haka nan soso mai jiƙa da aka shimfiɗa wa takardar gashin burodi a cikin ƙaramin kwano mai murfi yana riƙe fentin Vallejo da danshinsa na tsawon zama guda. Da waɗannan biyu, da kuma yin aiki bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, akrilik yana yin biyayya.

Inamel na Humbrol, wanda ke zuwa a 'yan gwangwanaye masu mililita 14, shi ne ya fi daɗin burushi ba tare da wata dabara ba. Da yake ba ya gaggawa, yana samun lokacin kwanciya da kansa har sawun burushi ya ɓace, yana kuma kama roba da ƙarfi ko da ba a yi mata fentin shimfiɗa ba. Lamba 11 mai launin azurfa da lamba 33 baƙi marar ƙyalli sun ba ni abin da ban samu daga akrilik ba a kan ƙananan sassa irin su injin da ƙafafun jirgi. Amma wannan jinkirin nasa yana zama masifa da hunturu. Murfin injin Land Cruiser da aka shafa wa fari mai ƙyalli da yamma, idan aka bar shi a buɗe, da safe za a same shi da ɗigo-ɗigon jar ƙura da ta nutse cikin fentin, wadda ba ta gogewa sai an kankare da takardar yashi mai laushi an sake. Dole ne a kifa masa roba mai tsabta da zarar an ajiye burushi. Ga kuma wari, wanda a gidan da ake zaune da yara ba ƙaramin abu ba ne, domin buɗe taga na nufin gayyato ƙura, rufe ta kuma na nufin shaƙar tina. Gwangwanin ma yana buƙatar kulawa: idan fenti ya taru a bakinsa murfin ba zai zauna daidai ba, kuma zafi zai busar da abin da ya rage. Farinsa kuwa yakan ja zuwa rawaya da daɗewa.

Batun samuwa ya shafi dukansu, domin sai dai a yi saƙo ta hannun mai tafiya ko a yi oda daga waje. Akrilik na ruwa irin Vallejo ya fi sauƙin shigowa, tunda kamfanonin aika kaya ta jirgin sama suna ƙyamar fenti mai kama wuta. Inamel kuwa yana da rangwame ɗaya, wato farar tina irin wadda ake samu a shagunan kayan gini tana wanke burushinsa, ko da yake ban yarda a zuba tina mai ƙarfi ta fentin mota a kan samfuri ba, domin tana narkar da roba. Vallejo ruwa mai tsabta ya ishe shi, kuma ba ya shiri da barasa, tana sa shi ya dunƙule.

Abin da na tsaya a kai shi ne raba musu aiki. Ina wanke sassan da ruwan sabulu, in yi fentin shimfiɗa, sannan in ba jikin samfurin launinsa da akrilik, saboda yana bushewa kafin ƙura ta same shi. Bayan na rufe shi da fentin kariya marar launi mai ƙyalli, sai in tsinka inamel baƙi ko ruwan ƙasa ya yi ruwa-ruwa, in taɓa bakin burushi a tsagar ƙofa, in ga launin ya bi layin da kansa har ƙarshensa. Abin da ya wuce gona da iri ana share shi da auduga mai ɗan danshin tina, kuma akrilik ɗin da ke ƙasa ba ya motsi, domin tinar inamel ba ta cinsa. Sai dai a kiyaye yawanta a mahaɗar sassa, saboda tana iya sa roba ta yi rauni ta tsage.

Ga wanda zai fara da burushi kaɗai kuma yana da rumfa ko ɗakin da iska ke ratsawa, 'yan gwangwanayen Humbrol za su ba shi sakamako mai kyau tun daga samfurin farko, muddin ya tanadi abin rufewa. Wanda ke aiki a cikin ɗakin iyali kuwa, Vallejo tare da sinadarin jinkirta bushewa ya fi dacewa da shi, Tamiya kuma ya dakata har sai ya mallaki bindigar feshi.