Tikitin ɗalibai na Jamus: abin da na gani bayan na more shi

Ɗalibin da ya yi rajista a mafi yawan jami'o'in Jamus ba a tambayarsa ko yana son wannan tikiti na hawa bas da jirgin ƙasa. Kuɗinsa na cikin kuɗin zangon karatu, ko ka hau jirgi ko ka kwana a ɗaki sai ka biya. Da farko abin ya ɗan sosa mini rai, don ɗakina a Bochum ba shi da nisa da aji. Yanzu kam, da za a ce a cire shi, da ni za a yi rigima.

Asalinsa shi ne Deutschlandticket, tikitin wata-wata na kowa da kowa, wanda aka fito da shi ran 1 ga Mayu 2023 a kan Yuro 49 a wata. A 2024 aka yi wa ɗalibai nasu a kan kashi 60 cikin ɗari na wannan farashi, wato Yuro 29.40. Farashin ya hau tun daga nan, domin na kowa da kowa ya koma Yuro 58 a farkon 2025, na ɗalibai kuma bin sa yake yi. Da shi za ka shiga bas, jirgin ƙarƙashin ƙasa da jiragen yanki masu alamar RE ko RB a ko'ina cikin ƙasar. Jirage masu gudu irin su ICE da IC ba sa ciki. Wanda ya yi sakaci ya faɗa ɗayansu, aljihunsa ne zai yi bayani.

Amfanin da ya fi yi mini ba na kuɗi ba ne. A gida ban taɓa yin doguwar tafiya ba sai an haɗa ni da wani, ko an kira direba an ba shi amanata. Nan babu mai raka ka. Dole na koyi karanta jadawalin tasha, na koyi tambaya da guntun Jamusancina ba tare da kunya ta kashe ni ba. Jirgin RE1 kaɗai ya isa makaranta: daga Bochum ya ratsa Essen, Duisburg da Düsseldorf, ya sauke ka a Kolon, inda babbar majami'ar garin ke tsaye a bakin tasha, ya wuce har Aachen. Ranar da ba lacca nakan je Juma'a babban masallacin unguwar Ehrenfeld da ke Kolon, Asabar kuma in leƙa arewacin Dortmund neman naman halal da kuɓewa. Cikin hunturu, lokacin da duhu ke rufawa tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, wannan fita ce ta hana kaɗaici cin ƙarfina.

Sai dai arhar da lokacinka kake biyanta. Tafiya Hamburg a jiragen yanki sai an yi ta sauka ana canji, kuma in na farko ya makara, na biyu ba ya jiran kowa. Ranar da ake ƙwallo a Dortmund ko wurin tsayuwa sai an yi da gaske. Ga shi tikitin a waya yake zama, da sunanka a kai, don haka katin shaida da abin caji ba sa barin jakata. Wanda aka kama ba tikiti, tarar Yuro 60 ce.

Mai jarrabawa ko ganawa a ofishin baƙi ya fita da jirgi ɗaya kafin wanda ya yi niyya. Mai zuwa Berlin da gaggawa kuwa ya daure ya sayi na ICE tun da wuri, lokacin da yake da sauƙi.