Sharhi kan fim ɗin Sinners: muryar da ta jawo masu shan jini

Ban cika kallon finafinan dodanni masu shan jinin mutane ba, domin yawancinsu ba su wuce haƙora da ihu da jini yana malala ba. Kiɗa ne ya kai ni ga Sinners, fim ɗin da Ryan Coogler ya rubuta kuma ya ba da umarni, wanda ya fito a watan Afrilun 2025, kuma kiɗan ne ya sa na sake kallonsa.

Labarin ya faru ne a 1932 a garin Clarksdale na jihar Mississippi, a zamanin da dokokin wariyar launin fata suka yi wa baƙaƙen kudancin Amurka katutu. Wasu tagwaye, Smoke da Stack, waɗanda Michael B. Jordan ya fito a matsayinsu duka biyun, sun dawo gida daga Chicago, suka sayi tsohuwar ma'aikatar yanka katako, suka mai da ita gidan rawa domin masu aikin gonakin auduga su sami inda za su huce gajiya. Mawaƙinsu shi ne ɗan uwansu Sammie, ɗan fasto, wanda mahaifinsa ke ganin jitarsa kayan Shaiɗan ce.

Wurin da ya fi ratsa ni shi ne lokacin da Sammie ya fara waƙa a daren buɗewa. Kyamara ta shiga kewaya ɗakin ba tare da yankewa ba, sai ga makaɗan Afirka na da da gangunansu a tsakiyar masu rawa, ga mai jitar lantarki na zamanin da bai zo ba tukuna, har rufin ya kama da wuta alhali jama'a ba su daina taka rawa ba. Tsigar jikina ta tashi, domin duk wanda ya san yadda ake cewa garaya da goge suna kiran iskoki a wasan bori ba zai ji wannan tunani baƙo ba. Wannan muryar ce ta jawo Remmick, ɗan asalin Ailan mai shan jini, wanda burinsa ya mallaki baiwar yaron ya sake saduwa da mutanensa da suka shuɗe.

Na kuma yaba da yadda aka yi amfani da ƙa'idar nan ta cewa dodon ba ya shiga gida sai an ba shi izini. Yana tsaye a bakin ƙofa da fara'a da daɗin baki, kamar baƙon da ya yi sallama yana jiran a amsa, kuma wannan ladabin nasa ya fi haƙoransa ban tsoro. Wunmi Mosaku, wadda aka haifa a Zariya, ta fito a matsayin Annie mai maganin gargajiya, kuma ita ce ta gane abin da ke waje, ta sa kowa ya tauna tafarnuwa domin a tantance wanda aka riga aka ciza.

Inda fim ɗin ya rage min armashi shi ne faɗan ƙarshe, wanda aka yi cikin gaggawa, mutanen da muka shafe fiye da awa guda muna sabawa da su suka mutu a 'yan mintuna. Akwai kuma maganganun batsa da wuraren da ba su dace a kalla tare da yara ba. Wanda zai kalla ya nemi lasifika mai kyau, kuma kada ya tashi da an fara rubuta sunaye, domin tsohon mawaƙi Buddy Guy yana fitowa a matsayin Sammie a 1992.