From Zero: Linkin Park sun dawo, amma gambarar Mike ba ta ishe ni ba

Waƙoƙi 11 ne kacal a cikin From Zero, kundin ƙungiyar kiɗan rok ta Amurka Linkin Park, har da ɗan share fagen da ke farko, kuma gaba ɗayansa bai wuce minti 32 ba. Ƙungiyar da ta shekara 7 ba ta fitar da sabon kundi ba, ka zaci za ta dawo da kaya niƙi-niƙi, sai ga shi kafin ka gyara zama an kai ƙarshe. Gajartar ba ta dame ni ba, don babu waƙar da aka cusa domin cike gurbi. Abin da ya dame ni daban ne, zan zo kansa.

Ga wanda bai bi labarin ba: Chester Bennington, babban mawaƙin Linkin Park, ya mutu ranar 20 ga Yulin 2017, wata biyu bayan fitar One More Light, kundin da suka karkata sosai zuwa fof har tsofaffin masoyansu suka yi ta ƙorafi. Daga nan ƙungiyar ta jingine komai. Sai ranar 5 ga Satumban 2024 suka bayyana a wani wasa da aka watsa kai tsaye ta intanet, da sabbin fuskoki biyu: Emily Armstrong ta ƙungiyar Dead Sara a kan makirfo, da Colin Brittain a kan ganguna a gurbin Rob Bourdon. Kundin ya fito ranar 15 ga Nuwamban 2024, kuma Mike Shinoda, mai yi wa ƙungiyar gambara (wato rap), shi ne ya jagoranci aikin haɗa shi a sutudiyo.

Na shiga sauraro da fargaba ɗaya, kada a sa baiwar Allah ta yi ta kwaikwayon mamaci. Ba ta yi ba. A “The Emptiness Machine” Mike ne ya ɗauki baitin farko da amshin farko shi kaɗai, a natse, kamar yana ba mai sauraro lokaci ya shirya. Emily ba ta shigo ba sai a baiti na biyu, da wata murya mai ɗan dishi-dishi wadda ke ƙara kauri tana hawa. Wannan tsari ya burge ni matuƙa. Tsohuwar muryar da ka sani ce ta riƙo hannunka ta kai ka wurin sabuwa, ba a jefo maka ita bagatatan ba.

Inda kundin ya fi tsayuwa da ƙafarsa shi ne wuraren da muryoyin biyu ke karɓa-karɓa. Dama sirrin Linkin Park ke nan tun kundayensu Hybrid Theory na 2000 da Meteora na 2003: ɗaya yana zuba gambara a kan kiɗa, yana tara fushin baiti bayan baiti, ɗayan kuma ya fasa shi a amshi, ga jitar Brad Delson na ruri a ƙasa. “Heavy Is the Crown”, wadda aka ɗauka taken gasar duniya ta wasan kwamfuta na League of Legends ta 2024, a kan wannan turba take. Wajen ƙarshenta Emily ta ja wani ƙaraji da ya haura sakan 10 ba ta yanke numfashi ba. In ka sa iyafis za ka ji yadda muryar ke tsagewa daga gefe-gefe amma tsakiyarta ba ta karkace daga kiɗa ba. Tsigar jikina ta tashi a nan, kuma har yanzu takan tashi. “Two Faced” ma haka: jita mai nauyi, raɗa-raɗa kafin ɓarkewar ihu, ga Joe Hahn yana gurza faifai irin na da. Wasu za su ce ai tsohon zane ne aka sake rinawa. Ban musa ba, amma zanen nasu ne, su suka saƙa shi.

“Casualty” minti biyu da ’yan kai ce ta hargowa zalla, har shi Mike ɗin ihu yake. “Stained” ta fi kusa da fof ɗin rediyo, kuma ita ce nakan tsallake. “Over Each Other” ta Emily ce ita kaɗai, waƙar mutum biyu da kowa ke magana ba mai sauraren wani. Joe Hahn ne ya ba da umarnin bidiyonta a birnin Seoul na Koriya ta Kudu. Muryarta ta fito tas a ciki, sai dai ba don sunan ƙungiyar da ke kan faifan ba, da ƙyar zan ce tasu ce.

To ga ƙorafina. Ɓangaren gambara ya yi ƙaranci, kuma inda yake ma bai cika zurfi ba. Mike, mutumin da ya yi kundin Collision Course da mawaƙin gambara Jay-Z a 2004, ya kuma kafa ƙungiyar gambara ta Fort Minor, ya fi ƙarfin baitocin da ya ba mu a “Cut the Bridge”. Kalmomin suna zaune daram a kan ganga, amma da ka kashe waƙar ba abin da ya maƙale maka. Yawancin rubutun kundin a kan wani “kai” ne marar suna da ya ci amana ko ya yi fuska biyu, an yi ta juya maganar waƙa bayan waƙa. Mutanen da suka binne abokin aikinsu, suka yi shekaru suna shawarar ko su ci gaba ko su haƙura, na san akwai abin faɗa a bakinsu da ya fi haka nauyi. Na fahimci dalilin kaucewa, ba sa son kundin ya zama zaman makoki, kuma ina girmama wannan. Duk da haka na so a ɗan ƙara buɗe mana ƙirji.

Wuri biyu ne aka kusa yin hakan. “Overflow” tafiyar hawainiya take, sautin na’ura na amsa-kuwwa, Mike yana rera maganarsa a hankali, kuma ita kaɗai ce ba ta tuna mini da wata tsohuwar waƙarsu ba. Sai “Good Things Go” da ta rufe kundin, inda yatsan zargi ya juyo kan mai waƙar da kansa: mutum ne da ya san halinsa ke korar masu ƙaunarsa. Mike ya fara da rerawa, can sai ya ɓalle da gambara mai sauri, Emily na hawa a samansa har muryoyin suka haɗe. Ba ni da shakka ita ce mafi kyau a cikin goma sha ɗayan.

Kasuwa dai ta karɓe su: na ɗaya a Birtaniya da Jamus, na biyu a jadawalin Billboard 200 na Amurka. Masu kallon ƙwallo ma sun gan su a Munich ranar 31 ga Mayun 2025, kafin a take wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai tsakanin PSG da Inter Milan.

In za ka nemi kundin, nemi faɗaɗɗen bugun da ya fito a Mayun 2025, mai ƙarin sabbin waƙoƙi 3. A ciki akwai “Unshatter”, inda Mike ya samu filin gambarar da na yi ta nema, kuma da ni ne mai zaɓe, ita zan sa a gurbin “Stained” tun bugun farko.